Haɗarin Rana Ta Bakwai: Yadda Likitoci Suka Koyi Ciyar da Ƙwaƙwalwa Bayan Zubar Jini

Akwai wani al'amari da ya daɗe yana karya zuciyar likitocin ƙwaƙwalwa. A kawo mutum asibiti jijiyar jini ta fashe a kansa, bayan wani ciwon kai da ya faɗo masa kamar aradu, irin wanda bai taɓa ji ba tun da uwarsa ta haife shi. Ya tsallake daren farko. Kwana biyu, kwana uku, ya buɗe ido, ya gane 'yan uwansa, har ya nemi abin sha. Dangi su shiga hamdala. Sai wajen kwana na bakwai, ba tare da ko ɗigon jini ya sake zuba ba, hannu ɗaya ya saki, harshe ya yi nauyi, barci ya rinjaye shi. Wasu daga wannan barcin ba su sake tashi ba.

Zubar jinin da ake magana a kanta ita ce wadda ke malala tsakanin ƙwaƙwalwa da siririn tantanin da ya lulluɓe ta. Galibi tana faruwa ne idan bangon wata jijiya ya yi rauni ya kumbura, kamar yadda tsohon tiyub ɗin keke ke fitar da ƙulli a inda ya sire, wata rana ƙullin ya fashe. Kusan 5 cikin 100 ne kawai na masu bugun jini ke da irin wannan, amma tana yawan kama mutane suna tsakiyar ƙarfinsu. Cikin waɗanda suka tsira daga fashewar, kusan mutum uku cikin goma ne ke gamuwa da wancan bugu na biyu.

Dalilin da ya sa lamarin ke da tsanani yana cikin halittar ƙwaƙwalwa kanta. Nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, amma ita ke cinye kusan kashi 20 na oksijin ɗin da mutum ya shaƙa. Kuma ba ta da rumbu. Idan jini ya yanke mata, cikin daƙiƙa goma mutum ya suma, cikin 'yan mintoci ƙwayoyinta su fara mutuwa. Sai da aka shafe shekara kusan 200 ana lalube kafin a gane yadda za a tsare mata abincinta bayan jini ya zuba.

Akwatin da ba ya miƙewa

Da safiyar 4 ga Nuwamba 1821, bayan wata muguwar guguwa, aka tsinci gawarwaki uku a kusa da Leith, tashar jiragen ruwan birnin Edinbura a Sukotland. Wani likita mai suna George Kellie ya binciki biyu daga ciki, hankalinsa kuma ya tsaya a kan jinin da ya tarar cikin kawunansu. Ya tuna da abin da malaminsa Alexander Monro ya rubuta a 1783, cewa ƙoƙon kai akwati ne mai tauri, don haka abin da ke cikinsa ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Kellie ya koma kan dabbobi. Ya ga ko an zubar da jinin dabba har ta mutu, sauran gaɓɓai sun yi fari fat, ƙwaƙwalwa tana riƙe da nata jinin, sai fa idan an riga an huda ƙoƙon kan. Ya wallafa sakamakonsa a 1824. A 1846 George Burrows ya ƙara abu na uku a lissafin, wato ruwan da ƙwaƙwalwa ke iyo a cikinsa.

Ma'anar ta fito fili: ƙwaƙwalwa, jini da ruwa suna zaman ɗaki ɗaya ne mai ƙofa a kulle. Idan baƙo ya shigo, dole wani ya matsa. Jinin da ya zuba kuwa baƙo ne mai faɗin zama.

Wanda ya nuna yadda jiki ke kokawa da wannan matsi shi ne Harvey Cushing, matashin likitan tiyata daga Amurka, da ya je birnin Bern na Suwizalan ya yi aiki a ƙarƙashin Theodor Kocher tsakanin 1900 da 1901. Ya riƙa tura ruwan gishiri cikin kan karnuka yana ƙara matsi. Duk sa'ar da matsin cikin kai ya hau, sai awon jinin dabbar ya hau ya ɗara shi kaɗan. Zuciya ce ke ƙara ƙarfi don jini ya samu ya kutsa cikin akwatin da ya cika. Daga nan aka samo lissafin da har yau ake yi a bakin gadon majinyaci: a ɗebe matsin cikin kai daga ƙarfin jinin jiki, abin da ya rage shi ne ke kai wa ƙwaƙwalwa abinci.

Ranar da aka ga jijiya

Sanin lissafi daban, ganin ciwo daban. Har farkon ƙarni na 20, sai bayan mutum ya rasu ake sanin abin da ya fashe a kansa. Heinrich Quincke na Jamus ya buɗe ƙofa ta farko a 1891 da allurar ɗibar ruwa daga gadon baya. Idan ruwan ya fito da jini, an san abin da ya faru a sama. Charles Symonds na Landan ya tattara alamomin cutar a rubuce-rubucensa na 1923 da 1924, har likita ya iya gane ta majinyaci na raye.

Babban sauyi ya zo daga Lisbon a 1927. Egas Moniz, likita kuma tsohon ministan harkokin wajen Fotugal, yana fama da ciwon gaɓɓai da ya nakasa masa hannu, don haka abokin aikinsa Almeida Lima ne ke riƙe allura. Suka zuba wani ruwa mai sinadarin aidin a jijiyar wuya, suka ɗauki hoto nan take, sai ga jijiyoyin ƙwaƙwalwar mai rai sun fito kamar rassan bishiya a lokacin rani.

Da aka ga ƙullin, sai aka fara kai masa hannu. A 1931 Norman Dott na Edinbura ya buɗe kan wani majinyaci ya naɗe kumburin da tsokar da ya yanko daga ƙafar mutumin, mutumin kuma ya rayu shekaru bayan haka. A ranar 23 ga Maris 1937, Walter Dandy na asibitin Johns Hopkins a Baltimore ya maƙala ɗan ƙarfen azurfa mai kama da hantsaki a wuyan kumburin, ya raba shi da jijiyar. An samu hanyar toshe ɓarakar.

Sai dai majinyata ba su daina lalacewa a mako na biyu ba. A 1951 likitoci biyu a Syracuse ta jihar New York, Arthur Ecker da Paul Riemenschneider, suka jera hotunan da aka ɗauka a ranaku daban-daban. Jijiyar da take da faɗi a farko, bayan kwanaki ta tsuke ta zama kamar zare, daga baya kuma ta sake buɗewa. Jinin da ya kwanta a bayan jijiyoyi, yana narkewa yana fusata su. An sami wanda ake zargi, kuma aka riƙe shi shekara hamsin.

Zamanin awo

A daidai wannan lokaci wasu na neman hanyar auna jinin kansa. A Jami'ar Pennsylvania da ke Filadelfiya, Seymour Kety da Carl Schmidt suka sa mutane shaƙar iskar naitros oksaid kaɗan, suna ɗibar jinin da ke shiga kai da wanda ke fitowa suna kwatantawa. A 1948 suka fitar da adadi: kusan mililita 54 na jini ke ratsa kowane giram 100 na ƙwaƙwalwa a minti ɗaya. Sun kuma gano wani abu mai nauyi. Idan iskar kabon da muke fitarwa ta taru a jini, jijiyoyin ƙwaƙwalwa na buɗewa; idan mutum ya yi ta haki ya fitar da ita da yawa, sai su tsuke. Ashe numfashi linzami ne a kan jinin kai.

Annobar shan inna ce ta ba likitoci damar riƙe wannan linzami. A 1952 cutar ta mamaye Kofanhegan, yara na mutuwa a asibitin Blegdam saboda numfashi ya gagara. Wani likitan sa barci, Bjørn Ibsen, ya ce iskar kabon ce ke taruwa tana kashe su, ya ba da shawarar a huda maƙogwaro a riƙa hura musu iska da jakar roba. Ɗaliban likitanci kusan 1,500 suka yi ta karɓa-karɓa, dare da rana, suna matsa jakar da hannu. Mace-macen da suka kusa kai 90 cikin 100 suka sauko ƙasa da rabi. A 1953 Ibsen ya buɗe sashen kulawa ta musamman, irin ɗakin da sauran wannan tarihi zai gudana a cikinsa.

Daga wannan birnin ne Niels Lassen ya nuna a 1959 cewa lafiyayyar ƙwaƙwalwa na daidaita jininta da kanta: awon jini ya hau, jijiyoyi su ɗan tsuke, ya sauka, su buɗe. Bayan zubar jini wannan dabara kan lalace, sai ƙwaƙwalwa ta koma cin abin da zuciya ta aiko kawai, da yawa ko kaɗan.

A tsallaken ruwa, a garin Lund na Suwidin, Nils Lundberg ya zura siririn bututu cikin kogon ruwan ƙwaƙwalwa ya haɗa shi da alƙalami mai zane a kan takarda mai tafiya. A littafinsa na 1960 ya nuna yadda matsin da bai kamata ya wuce 15 ba kan tashi farat ɗaya ya haura 50, ya tsaya kamar kan tudu na minti biyar zuwa ashirin, sannan ya faɗo. Bututun nasa yana da amfani na biyu: ana iya buɗe shi a rage ruwa idan akwatin ya cika. Har yau shi ne ɗaya daga cikin abubuwan farko da ake sa wa wanda jini ya toshe masa magudanar ruwan kai.

Daga hana ruwa zuwa ambaliya

Tsoron da ya mamaye shekarun 1960 shi ne kada ƙullin ya sake fashewa. Saboda haka a kwantar da majinyaci a ɗaki mai duhu, a rage masa ruwa, a sauke masa awon jini, a jira mako biyu kafin tiyata. Niyya mai kyau ce, amma an haɗa wa ƙwaƙwalwa zafi biyu: jijiyoyi na tsukewa, ga kuma jinin da ke tura kansa ta cikinsu an rage masa ƙarfi.

Na'urar hoton CT ta Godfrey Hounsfield, wadda aka fara gwadawa a kan majinyaciya a asibitin Atkinson Morley na Landan a Oktoban 1971, ta sa aka ga jinin da ya zuba ƙuru-ƙuru. A 1978 Bryce Weir na Edmonton a Kanada ya auna jijiyoyi a tarin hotuna ya fitar da kalandar tsukewar: tana farawa wajen kwana na uku, ta kai ƙololuwa tsakanin na shida da na takwas, ta lafa wajen na goma sha biyu. A 1980 C. Miller Fisher na Boston ya nuna cewa kaurin jinin da aka gani a hoton farko na nuna wanda tsukewar za ta fi kamawa.

Kafin nan, a 1976, Edward Kosnik da William Hunt na Ohio sun yi abin da ya saɓa wa koyarwar zamaninsu. Wasu majinyata da aka riga aka ɗaure musu ƙullin suka fara shanyewa, sai likitocin suka ƙara musu ruwa da jini, suka ɗaga awon jininsu da gangan. Hannun da ya saki ya motsa, bakin da ya mutu ya yi magana. Wannan ya ƙarfafa masu cewa a yi tiyata da wuri, domin sai an toshe ɓaraka ake iya ƙara wa famfo ƙarfi. Likitocin Japan na kan gaba a wannan ra'ayi, kuma salon tiyata da madubin ƙara girma da Gazi Yaşargil ya kafa a Zurich ya sauƙaƙa aikin. Wani babban nazari na ƙasa da ƙasa a kan mutum 3,521, wanda Neal Kassell ya jagoranta aka wallafa a 1990, ya nuna cewa mafi munin lokacin tiyata shi ne tsakanin kwana na bakwai da na goma.

A 1982 Rune Aaslid, ɗan ƙasar Nowe mai aiki a Bern, ya gano cewa ƙashin gefen kai, ɗan gaba da kunne, yana da sirantar da sauti zai ratsa. Da 'yar na'urar Doppler a wurin, ana jin gudun jini a jijiya. Kamar ruwan tiyo ne idan an danne bakinsa da yatsa: ƙofa na ƙanƙancewa, gudu na ƙaruwa. Aka koma sauraron jijiya kowace safiya ba tare da allura ba.

Daga nan aka zarce. Asibitoci suka rungumi tsari mai ƙafa uku: a ɗaga awon jini, a cika jiki da ruwa, a tsinka jini don ya yi saurin gudu, kuma a yi wa kowa tun kafin alama ta bayyana. Huhun wasu ya cika da ruwa, zuciyar wasu ta gaji. A 2000 Laura Lennihan da abokan aikinta a Jami'ar Columbia ta New York suka raba majinyata 82 gida biyu, suka auna, suka tarar ƙarin ruwan bai ƙara wa ƙwaƙwalwa jini ba. Tsinka jinin ma rage masa ƙwayoyin da ke dakon oksijin yake yi. Makamancin wannan darasi ya zo ta fuskar numfashi: gwajin Paul Muizelaar na 1991 a kan masu raunin kai ya nuna cewa daɗewa ana hura iska da sauri don sauke matsi na munana sakamakon wasu majinyata.

Ƙwayar da ta rikita lissafi

Kamfanin Bayer na Jamus ya haɗa wani magani mai suna nimodifin da nufin ya saki jijiyoyin da suka tsuke. Gwaji mafi girma a kansa an yi shi ne a Birtaniya ƙarƙashin John Pickard, aka wallafa a 1989. Mutum 554 ne, rabi suna shan miligiram 60 duk bayan awa huɗu har kwana 21, rabi suna shan ƙwayar da ba magani a cikinta. Mutuwar sashen ƙwaƙwalwa ta sauko daga 33 cikin 100 zuwa 22. Waɗanda suka rasu ko suka nakasa sosai suka ragu daga 33 zuwa 20.

Abin mamaki, hotuna ba su nuna cewa manyan jijiyoyin sun buɗe ba. Magani ya yi aiki, wanda ake zargi kuma yana nan yadda yake.

Shekara kusan ashirin bayan haka aka ga akasin wannan. Maganin kilazosentan, a gwajin da R. Loch Macdonald ya jagoranta aka wallafa a 2008, ya rage tsukewa matsakaiciya ko mai tsanani daga 66 cikin 100 zuwa 23 ga waɗanda aka ba mafi yawa. Hotuna suka yi kyau. Amma gwaji na gaba a 2011, mai mutum sama da 1,100, bai nuna cewa majinyatan sun fi samun lafiya ba. Japan ta amince da maganin a 2022 bisa nata gwaje-gwajen, sai dai tsohon bayani ya riga ya tsage: tsukewar manyan jijiyoyi ɓangare ne kawai na labarin.

Sauran ɓangarorin suna can ƙasa, inda hoto ba ya kaiwa. Ƙananan jijiyoyi masu sirantar gashi na toshewa da ɗan gudajin jini. Akwai kuma wani abu da Aristides Leão, ɗan Birazil mai karatu a Harvard, ya gani a ƙwaƙwalwar zomo tun 1944: wata igiyar shiru da ke rarrafe a saman ƙwaƙwalwa, kusan milimita uku a minti, tana kashe wutar ƙwayoyi a duk inda ta bi. Jens Dreier na asibitin Charité a Balin ya shimfiɗa siraran wayoyi a kan ƙwaƙwalwar majinyata, ya nuna a 2006 cewa igiyoyin na zuwa bi da bi kafin bugu na biyu. Kowace igiya na bukatar ƙarin jini don ƙwayoyi su farfaɗo, jijiyoyin da suka jigata kuma maimakon su buɗe sai su ƙara rufewa.

A tambayi ƙwaƙwalwa da kanta

Tun a shekarun 1950 Leland Clark na Amurka ya ƙera 'yar na'urar auna oksijin a cikin jini. A shekarun 1990 aka sirantar da ita ta zama kamar zare, ana zura ta cikin naman ƙwaƙwalwa ta ɗan rami a ƙoƙon kai, tana ba da lamba kowane lokaci. Idan lambar ta faɗi ƙasa da 20, likitoci na tashi tsaye. Na'urar ta tona wani abu mai tayar da hankali: sau da yawa matsin kai daidai, awon jini daidai, amma naman na cikin ƙishin oksijin. Sai a bi dalilai ɗaya bayan ɗaya. Ko zazzaɓi ne ya ƙara wa ƙwaƙwalwa ci? Ko farfaɗiya ce mai ɓoye wadda jiki bai nuna ba? Ko huhu ne, ko jini ne ya yi ƙaranci?

Tambayar ƙarin jini ta kai ga babban gwaji da Shane English na Ottawa ya jagoranta, aka wallafa a ƙarshen 2024. Cikin mutum 742, an ƙara wa wasu jini tun himogulobin, sinadarin jinin da ke dakon oksijin, na 10, wasu sai ya sauka zuwa 8. Bayan shekara ɗaya, 33.5 cikin 100 na rukunin farko ne ke cikin mummunan hali, na biyu kuma 37.7, tazarar da ba ta kai a yanke hukunci da ita ba.

Toshe ƙullin ma ya sauya salo. Guido Guglielmi, ɗan Italiya mai aiki a Los Angeles, ya fito da siririyar wayar filatinam a farkon shekarun 1990, wadda ake turawa daga jijiyar cinya har cikin kai, ta nannaɗe a cikin ƙullin ta cika shi. Gwajin da aka jagoranta daga Oxford a kan mutum 2,143 ya nuna a 2002 cewa ga waɗanda hanyoyin biyu suka dace da su, wayar ta fi buɗe kai sakamako mai kyau a shekarar farko.

Tsarin yau ya tattaro abin da ya tsira daga duk waɗannan gwaje-gwaje. A toshe ƙullin cikin kwana ɗaya idan da hali. A rage ruwan kai idan ya taru. A riƙe ruwan jiki daidai, ba ƙishi ba ambaliya. A kashe zazzaɓi, a lura da gishirin jini da sukari. Ɗaga awon jini kuwa sai alama ta bayyana, idan bai wadatar ba a shiga jijiyar da bututu a buɗe ta.

Alamar kuma har yanzu idon ma'aikaciyar jinya ne ya fi saurin kama ta ga majinyacin da ke farke. Ƙarfe biyu na dare za ta zo bakin gado ta taɓa kafaɗarsa. Ta tambaye shi sunansa, da inda yake, da watan da ake ciki. Ta haska masa ido da 'yar tocila. Ta ce ya miƙa hannuwa biyu gaba, tafin na kallon sama, ya rufe ido, ita kuma ta zuba wa hannuwan ido tana ƙirga daƙiƙa goma, ko ɗaya zai fara juyawa yana sauka. Idan sun tsaya cak, ta rubuta a takarda, ta ba shi nimodifin ɗinsa da kurɓin ruwa, ta duba agogo don zagaye na gaba.